Kunne Ya Girmi Na'ura

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na miƙa wa kawuna salulata a zaurensa da ke Maraɗi, na roƙe shi ya gwada wani wasa da na ƙera. Wata 11 na yi ina aikinsa a Yamai, galibi da tsakar dare, lokacin da abokan ɗakina suka yi barci. Wasan ba shi da wuyar bayani. Wayar za ta furta jimlar Hausa mutum ya saurara, sa'an nan ta maimaita ta, shi kuma ya riƙa buga fuskar wayar da yatsa tare da kowace gaɓa, kamar yadda kalangu yake bin magana. Kawu ya haura shekara 40 yana kaɗa wa mahauta kalangu. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya karkata kai ya saurara, ya buga. Da ya gama, sai ta rubuta da jan harafi: 38 cikin 100. Ƙanena, wanda shekarunsa 11 kuma bai taɓa riƙe gula ba, ya karɓa ya ci 91.

Kawu bai yi lakkol ba, saboda haka ya juyo ya tambaye ni, “Mi ta ce?” Kafin in samo abin da zan lulluɓe maganar da shi, yaron ya yi caraf ya ce, “Cewa ta yi kun faɗi, Kawu.” Mutum uku ne a zauren ban da mu, biyu daga cikinsu yaran kiɗansa ne. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Kawu ya ajiye wayar a kan tabarma, ya turo mini ita da bayan hannu, ya ce, “Mushe, wanga abu naka kurma ne.” Daga nan ya shiga wata hira.

Domin mai karatu ya gane nauyin abin da ya faru a zauren nan, dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa a jami'a ba. Mahaifiyata ƴar gidan makaɗa ce. Kakana na wajenta makaɗin mahauta ne, haka ma mahaifinsa, kuma Kawu ne ya gaji gular. Kowa a ƙasar nan ya san inda al'ada ta ajiye makaɗi: ranar buki a aika masa goro, a yi masa kari har aljihunsa ya cika, amma in ya nemi auren ƴar gidan sai a shiga duban ƙasa. Tun ina ƙaramin aji yara suka laƙaba mini “jikan maroƙa”, na kuwa koyi kame bakina. A shekarata ta biyu a sashen kimiyyar harshe, malaminmu na tsarin sauti ya yi mana darasi a kan karin sauti. Ya kawo wuyan jiki da wuyar sha'ani, kukan yaro da kukar miya, ya nuna cewa hawa da saukar murya kaɗai suka raba su, sa'an nan ya ƙara da cewa wannan ne ya sa kalangu yake iya magana. Na zauna a amfi ina kwafa a littafina kamar labarin wata ƙasa mai nisa ake ba ni, alhali da maganar kalangun aka yaye ni.

Wasannin bin kiɗa kuwa a wajen wani abokina na fara ganinsu, ɗalibin lissafi da ya taɓa zama a waje ya dawo da kwamfuta cike da su. Ba a harbin kowa a cikinsu, ba a tseren mota. Aikin mai wasa ɗaya ne, ya danna maɓalli a daidai lokacin da kiɗa ya nema. A Japan suka bunƙasa. A 1996 wani mawaƙi mai suna Masaya Matsuura ya fito da PaRappa the Rapper, inda malami yake rera layi ɗalibi ya maimaita da maɓallai, tamkar jagora da ƴan amshi. A 1998 Dance Dance Revolution ya sa mutane taka kibiyoyi da ƙafa. A 2001 aka yi Taiko no Tatsujin, wanda aka gina a kan gangar Japanawa, aka raba bugunsa gida biyu da sunayen da makaɗansu suke furtawa in suna koyarwa: “don” ga bugun tsakiyar fata, “ka” ga bugun gefe. Wannan ya tsaya mini a rai, domin Kawu ma da baki yake fara koya wa yaransa kiɗa kafin ya bar su su taɓa fata.

Sai dai waɗannan duka manyan kamfanoni ne suka tsaya musu. Wanda ya sa na ji cewa ni ma ina iya taɓukawa shi ne Hafiz Azman, ɗan ƙasar Malesiya, wanda ya fara ƙera Rhythm Doctor tun yana ɗalibi, a farkon shekarun 2010. Maɓalli ɗaya tak wasan yake buƙata. Kai ne ƙaramin likita, marasa lafiyarka kuwa zukatansu ne suke bugawa ba daidai ba. Layin bugun zuciya yana tafiya, ɗaya, biyu, har shida, kai kuma ka danna a na bakwai. Daga wannan ƴar ƙa'ida aka gina darussan kiɗa masu zurfi, har a haɗa ka da marasa lafiya biyu, kowanne da irin bugunsa, a lokaci guda. Da gangan kuma wasan yakan hargitsa hoton da ke gabanka, har ka daina dogara da ido, ka riƙe ƙidayar a cikin kanka. A 2014 wasan ya shiga sahun ayyukan ɗalibai da aka zaɓa a bikin Independent Games Festival na Amurka, amma sai a Fabrairun 2021 aka fara sayar da shi a kasuwar Steam, a lokacin ma ba a kammala shi ba. Kusan shekara 10 ke nan a kan maɓalli ɗaya. A tsakani, cikin 2019, ƴar ƙungiyarsa mai suna 7th Beat Games ta fitar da A Dance of Fire and Ice: ƙwallo biyu, ja da shuɗi, suna kewaya juna a kan wata hanya mai lanƙwasa, kuma girman kowace kusurwa shi ne tsawon jiran da za ka yi kafin ka danna. Miƙaƙƙiyar hanya bugu guda ce cif, kwana irin ta gini kuwa rabin bugu ce ko bugu da rabi, gwargwadon ɓangaren da ta juya.

Abin da ya burge ni a nan, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne mutumin ya samo wa lokaci rubutu. Mu kuwa rubutunmu na boko bai damu da lokaci ba. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo harufa huɗu ne iri ɗaya a takarda, alhali wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan dogo. Tsawon wasali da karin sauti, waɗanda su ne ƙashin bayan kiɗan Hausa, duk mun bar wa mai karatu ya cike da kansa. Kuma mun san gaɓar Hausa kashi biyu ce ta fuskar nauyi: baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi, baƙi da dogon wasali ko wadda wani baƙin ya rufe kuwa mai nauyi ce. Tun 1972 Paul Newman ya nuna irin rawar da nauyin gaɓa yake takawa a Hausa da ƴan'uwanta, kuma a kansa marubuta waƙoƙinmu suke auna baitocinsu. Sai na ce wa kaina, ai ga wasa nan a shirye, ƙera shi kawai ya rage.

Na tsara shi kamar haka. Gaɓa marar nauyi, ka taɓa ka ɗaga. Gaɓa mai nauyi, ka danna ka riƙe. Karin sama, ka buga rabin fuskar wayar na sama. Karin ƙasa, na ƙasa. Kalmar “makaranta” sai ta zama taɓi biyu da riƙo biyu, duka a sama. “Tattabara” ta zama riƙo a ƙasa, taɓi a sama, taɓi a ƙasa, riƙo a sama. Alamomi suna gangarowa daga saman allo, kowace ta iso wani layi a lokacin da ya kamata a buga ta. Na tara kuɗin burs na sayi tsohuwar kwamfuta jika 90, wadda batirinta ya mutu, ta yadda duk ɗaukewar wuta sai ta tafi da abin da ban adana ba. Na koyi Godot, manhajar ƙera wasanni ta kyauta wadda wasu ƴan Ajantina biyu suka fara, aka kuma saki asirinta ga kowa a 2014. Wata abokiyar karatuna ƴar Damagaram ta karanta mini jimla 60 a cikin ɗakin da muka jingine wa katifu, muna dakatawa duk lokacin da kabu-kabu ya wuce. Na zuba muryar a Praat, manhajar nan ta Paul Boersma da David Weenink da kowannenmu ya sani, na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ina sa musu iyaka da hannu. Daga ƙarshe na kafa hukunci: wanda ya buga cikin milisakan 50 kafin alamar ko bayanta ya ci maki cikakke, cikin 120 ya ci rabi, abin da ya wuce haka kuskure ne. Ban tambayi kowa ba. A ganina Praat ta riga ta gaya mini gaskiya.

Ban ɓoye wa kaina dalilin kai wasan Maraɗi ba. So nake in shiga zauren Kawu da abin da zai nuna masa cewa sana'ar gidansu ta shiga zamani ta hannuna, ya sa mini albarka, ni kuma in huta da kunyar da na daɗe ina ɗauke da ita ba tare da na taɓa furta ta ba. Abin da na samu shi ne 38.

A motar komawa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, na sami isasshen lokacin wanke kaina. Kafin mu kai Birnin Ƙonni na gama yanke hukunci cewa tsufa ne, kuma yatsan da ya saba da gula ba zai saba da gilashi a rana ɗaya ba. Kafin Dogon Dutsi har na fara jin tausayinsa. Wannan bayani ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma da ina da hankali da daɗin nasa ya sa na tuhume shi. Sati biyu ban buɗe aikin ba, sai ga kiran mahaifiyata. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba ta ce, “Kai, mi ka yi wa yayana?” Ashe labarin ya fita daga zaure ya isa rumfunan mahauta. Ranar kasuwa in ya rataya kalangu sai wani ya ɗaga murya ya ce a yi hankali, ga wanda salula ta kayar. Wasa ne irin na mahauta da makaɗinsu, amma mutumin da ba shi da gona ba shi da shago, sunansa ne jarinsa.

A daren nan na buɗe wani fayil da na sa wasan ya riƙa ajiyewa don neman kurakuran manhaja, wanda yake rubuta lokacin kowane bugu da tazararsa da alamar. Na jera na Kawu da na ƙanena gefe da gefe. Bugun yaron a warwatse yake, wani ya riga alamar da 40, wani ya biyo ta da 30, amma duka suna kewaye da ita, shi ya sa ya ci. Na Kawu kuwa babu ko ɗaya da ya riga alamar. Duka a makare suke, da kimanin milisakan 110, kuma a cure wuri ɗaya kamar an auna su da ma'auni. Mutumin da hannunsa yake rawa ba ya makara iri ɗaya sau ɗari. Kawu yana bin wani abu sau da ƙafa, sai dai abin da yake bi daban yake da alamata. Yaron ya kalli allo ya bi abin da na zana. Kawu bai ko dubi allon ba, ya bi abin da ya ji. Na buga wasan Hafiz Azman har na haddace shi, na ga yadda yake rufe wa mutum ido don ya buɗe masa kunne, amma da na zo yin nawa sai na ƙera wasan da yake saka wa ido yana hukunta kunne.

Laifi na farko na wayar ne, ko in ce nawa ne da ban lissafa da ita ba. Tsakanin lokacin da manhaja ta ba da umarnin a fitar da sauti da lokacin da sautin ya fito daga lasifika akwai jinkiri, domin sai an tara shi kashi-kashi an bi da shi ta matakai da dama. Jinkirin ya bambanta daga waya zuwa waya, kuma in mutum ya sa abin sauraro na Bluetooth yakan wuce milisakan 100 cikin sauƙi. Mai karatu na iya ganin wannan ba komai ba ne. To, a kiɗan da ke yin bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, in an raba shi huɗu ya zama 125. Jinkirin 100 ya kusa cinye ƙaramin bugu guda sukutum. Wannan ne ya sa wasannin bin kiɗa da aka ƙera da kula suke sa mai wasa ya fara buga wani sauti mai maimaituwa, don su auna jinkirin na'urarsa su cire. Na auna tawa wayar ta hanyar ɗaukar sautinta da na yatsana a wata wayar, na tarar tana makara da wajen milisakan 70. Na cire wannan daga lissafin Kawu, sai saura 40.

A cikin wannan saura ne na tsinci abin da ya sauya mini kundin digirina. Na rarraba bugunsa bisa ga baƙin da ya fara kowace gaɓa, sai ga tsari ya fito fili. A gaɓoɓin da suka fara da “b” ko “d” ko “g” kusan babu makara. A waɗanda suka fara da “s” ko “sh” ko “z” kuwa makarar ta yi yawa. Dalilin a bayyane yake da zarar an gan shi. Ni na sa iyakar gaɓa a inda hoton sauti ya nuna baƙin ya fara, kamar yadda aka koya mana, kuma a “sha” iskar baƙin takan daɗe tana fita kafin wasalin ya iso. Kunne kuwa ba a nan yake jin gaɓa ta sauka ba. Tun 1976 John Morton da Steve Marcus da Clive Frankish suka bayyana wannan al'amari: in aka jera kalmomi ta yadda farkon sautinsu zai zo a tazara ɗaya cif, mai sauraro sai ya ji suna ɗingishi, domin kowace gaɓa tana da wata cibiya da kunne yake ɗauka a matsayin lokacin faruwarta, kuma cibiyar tana kusa da farkon wasali. Na taɓa karanta wannan don jarrabawa, na rubuta, na ci, na manta. Kawu bai taɓa jin sunayen mutanen nan ba, amma gularsa a kan wasali take sauka tun kafin a haife ni.

Laifi na uku ya shafi riƙo. Na ce gaɓa mai nauyi a danna a riƙe, shi kuwa yana bugawa yana ɗaga yatsa nan take, wasan yana zare masa maki. Ganga ba ta riƙe sauti kamar sarewa. A wurin makaɗi nauyin gaɓa yana cikin tazarar da ya bari kafin bugu na gaba. Sa'an nan a mataki na biyu na wasan na datse muryar na ɗora ta a kan ƙidayar agogo, mai nauyi ninki biyu na marar nauyi ba ƙari ba ragi, kamar yadda muke rubutawa a allo. A nan ma bugun Kawu ya kauce, kuma kaucewar iri ɗaya ce a kowane zagaye, wani gurbi ya ɗan miƙe, wani ya ɗan tsuke. Rainer Polak ya auna irin wannan a kiɗan jembe na Bamako, ya nuna a 2010 cewa makaɗan ba sa raba bugu kashi-kashi daidai wa daida, kuma rashin daidaiton yana da ƙa'idarsa da suke kiyayewa. Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh kuma, a binciken da aka buga a mujallar Language a 2019, sun nuna cewa ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa da tafiyar da mai rerawa yake ba ta hawa biyu ne daban, ba lalle su zo ɗaya ba. Lissafin ɗaya da biyu gaskiya ne a tsarin sauti. Ni ne na ɗauke shi daga inda yake gaskiya na kai shi inda ba a aike shi ba.

Da hutu ya zo na koma Maraɗi, na sayi goro na tafi zauren da safe, lokacin da na san yaransa suna nan, domin a gabansu aka yi abin. Na durƙusa na ce, “Kawu, ku gafarce ni. Na duba, ku ne da gaskiya, abin nan ne bai iya ji ba.” Ya ce, “Ai na hwaɗa maka.” Ya sa aka kawo kalangu, ya rataya, ya ce in dubi hammatarsa, in bar kallon gula. Kalangu fata biyu ne a bakin ice mai siririn ƙugu, tsirkiyoyi sun haɗa su. In an matse tsirkiyoyin fata ta ɗaure murya ta hau, in an sassauta ta sauka. Ya nuna mini cewa matsin yana riga bugun, hannu ɗaya yana shirya karin, ɗayan yana sauke shi. Ya furta “kai” na jiki, mai karin faɗau, ya buga sau ɗaya ya saki hammata, sautin ya gangaro. A wasana babu yadda za a yi wannan, domin na raba allo sama da ƙasa kamar karin sauti wuri ne da ake zuwa. A zauren nan na sake tsarin: babban yatsan hagu ya zama hammata, ya danna ko ya saki, na dama ya zama gula.

Na roƙe shi abu biyu, ya ba ni ɗaya. Ya yarda ya bi jimlolin nan 60 da kalangunsa, sau uku-uku, in ɗauka, lokutan bugunsa su maye gurbin alamomin da na sa da hannu. Muka yi ciniki kamar yadda ake yi da kowane mai sana'a, na biya rabi, rabi bashi. Amma da na nemi ya kaɗa mini taken manyan mahautan garin in sa a wasan, sai ya ajiye gula. Ya ce take yana da mai shi. In an kaɗa wa mutum takensa tsikar jikinsa takan tashi, ya tuna ubansa da kakansa, ya yi kyautar da bai yi niyya ba. Ba zai sa a mai da wannan abin da yara za su riƙa dannawa suna faɗuwa suna sakewa ba. Na so in yi gardama da hujjar adana al'ada, sai na tuna cewa da irin wannan tabbacin na shigo zauren a karon farko. Na yi shiru. Ya kuma ƙara da wata magana da har yau ban sami amsarta ba. Ya ce shi in yana kiɗa ƙafar mai rawa yake kallo, in ta yi sauri ya bi ta, in ta gaji ya sassauta mata, to wannan abu nawa wa yake kallo?

Ƴan'uwana ɗalibai, ban kawo wannan labari don in hana kowa amfani da na'ura ba. Da ba don fayil ɗin nan ba da har yau ina tausayin Kawu a kan laifina. Abin da nake so mu lura da shi ya fi haka kusa da aikinmu na kullum. Muna fara karatu da cewa aikin masanin harshe ya bayyana yadda ake magana, ba ya hukunta masu yin ta. Faɗar haka a amfi ba ta da wuya, domin kundin da aka ajiye a kanta ba ya ce wa kowa ya faɗi. Amma ranar da bayaninmu ya shiga manhaja, ko ta koyar da karatu, ko ta gyaran rubutu, ko ta sauraren murya, ya tashi daga bayani ya zama alƙali, kuma alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Duk ɗan zaɓin da muka yi a gaban Praat da ƙarfe biyun dare, a nan gaɓa ta fara ko a can, wannan karin harshe ne daidai ko wancan, zai fito da jan harafi a hannun wani dattijo a Tawa ko Damagaram wanda bai san an taɓa yin zaɓin ba. In ma'auninmu ya kayar da gwanin abin da muke aunawa, ma'aunin ya kamata mu fara tuhuma.

Wasan bai ƙare ba har yanzu. Matakai huɗu ne kawai suke aiki, ina bin wata biyu ban taɓa shi ba saboda kundi, wanda yanzu yake kan inda masu jin Hausa suke jin saukar gaɓa. In na ƙosa nakan tuna shekarun da Hafiz Azman ya yi a kan maɓallinsa guda. Na cire kalmar “kuskure” daga allon, na sa matakin auna jinkiri a farko, na kuma ƙara wani mataki da alamomi suke ɓacewa gaba ɗaya, sai murya. A shafin farko na kundin na rubuta sunan kakana da sana'arsa.

Kafin in baro Maraɗi a hutun da ya wuce na sake miƙa wa Kawu wayar, a zauren nan, a gaban yaran nan. Ƙanena ya riga shi gwada matakin da babu alamomi, ya ci 44, ya ce wayar ta lalace. Kawu ya karɓa, ya gyara yatsunsa biyu yadda na nuna masa, ya kau da fuska wajen ƙofa, ya bi jimlolin har ƙarshe. Na leƙa zan karanta masa makin, sai ya kife wayar a kan tabarma ya ce ba ya so, shi ya san abin da ya kaɗa. Sa'an nan ya dubi yaransa ya ce, “To, yanzu ya fara jin magana.” Ban tambaye shi ko wasan yake nufi ko ni ba.